Tarihin garin Wase da yawan jama'arsa: daga ina za a fara, kuma wane adadi za a rubuta?

Ɗan Wase mazaunin Jos ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe da dattawa da malamai da sauran 'yan'uwa na wannan zaure. Mu 'yan asalin Wase da ke zaune a nan Jos mun yanke shawarar haɗa ɗan ƙaramin littafi domin 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda da yawansu ba sa taka garin iyayensu sai da Sallah ko idan an yi rasuwa, kuma ni aka ɗora wa nauyin babin da ya shafi tarihin garin da yawan jama'arsa. Abubuwa biyu ne suka tsaya mini, shi ya sa na kawo su gaban waɗanda suka fi ni sani.

Na farko shi ne mafarin labarin. Abin da muka tashi muna ji, kuma shi ne aka fi samu a rubuce, shi ne cewa Madakin Bauchi Hassan ne ya kafa garin wajen shekarar 1820, a zamanin Sarkin Bauchi Yakubu. To amma akwai dattawan da ke cewa ba a kan daji aka sauka ba, domin akwai mutane a gindin Dutsen Wase da kewayensa tun kafin zuwan rundunar Bauchi. Shin ya dace babin ya fara daga 1820, ko kuwa a koma baya, kuma idan za a koma bayan, da me za a kafa hujja?

Na biyu shi ne adadin jama'a. A wurare da dama na ga an rubuta cewa Wase tana da mutum kimanin 160,000 bisa ƙidayar 2006. Duk wanda ya san garin, ya zaga unguwanninsa, ya ga kasuwarsa da masallacin Idinsa, ya san cewa cikin gari bai ɗauki wannan adadi ba a wancan lokaci. A ɗaya gefen kuma, idan ana hira a majalisa sai ka ji ana ambaton adadin da ya ninka wannan, ba tare da an faɗi inda aka samo shi ba. Ba na so mu buga abin da jikokinmu za su karanta su ɗauka gaskiya ne alhali ƙiyasi ne kawai. Ina roƙon duk mai masaniya a kan waɗannan abubuwa biyu ya taimaka mana. Allah ya saka da alheri.

Tsohon malamin tarihi, Unguwar Rogo, ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa wannan aiki albarka, domin irinsa ne ya yi mana ƙaranci. Zan ɗauki tambayarka ta farko, ta biyun kuma na bar wa masu lissafi.

Maganganun nan biyu da ka ji ba sa karo da juna. Abin da aka kafa wajen 1820 shi ne garin sarauta mai ganuwa da fada, wanda ke bin Bauchi, ita kuma Bauchi tana bin Sakkwato. Amma ƙasar da aka kafa shi a kanta tana da mutanenta, wato Basharawa, kuma a lokacin tana ƙarƙashin ikon Jukunawa, waɗanda tasirinsu ya daɗe a duk faɗin kwarin Binuwai tun zamanin Kwararrafa. Saboda haka idan ka rubuta cewa an kafa masarautar Wase wajen 1820 ka faɗi daidai, amma idan ka rubuta cewa tarihin wurin ya fara a 1820 ka yanke wa labarin kai. Shawarata ita ce babin ya fara da ƙasar kanta, da dutsen, da kogin Wase, da mutanen da aka tarar, sannan a shigo da Madaki Hassan a inda ya dace.

Dalilin da ya sa na ce a fara da ƙasar shi ne, ita ce ke bayyana abin da ya sa aka zaɓi wurin. Wanda ya tashi daga Jos ya bi ta Barikin Ladi da Mangu da Pankshin, ya gangara ta Langtang, tafiyar da ta haura kilomita 200, zai lura da yadda sanyin tudu ke ƙarewa a shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai zafi da ciyawa. A tsakiyar wannan fili ne Dutsen Wase ya miƙe shi kaɗai, tsayinsa wajen mita 350, ana hango shi tun daga nesa ƙwarai. Ga mayaƙi alama ce da ba ta ɓata, ga makiyayi akwai ruwa da makiyaya, ga falke kuma zango ne a kan hanyar da ta taso daga Bauchi ta nufi Binuwai wajen Ibi. Yakubu ya kafa birnin Bauchi a 1809, kuma shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana faɗaɗa ikonsa ta kudu. Masarautar da ke neman ƙafa a bakin Binuwai tana buƙatar sansani a gaba da duwatsu, wanda zai tsare hanya, ya tara gandu, ya zama mafakar runduna, kuma Wase ta dace da wannan buƙata. Wannan ne ya sa garin ya tashi da jama'a gauraye tun farkonsa: Fulani masu sarauta da masu shanu, da Hausawa fatake da masu sana'a da malamai, da mutanen ƙasar da aka tarar, da kuma bayin da aka kamo a yaƙe-yaƙe. Wannan na ƙarshen bai kamata a ɓoye shi ba, domin yana cikin abin da ya tara jama'ar kusan kowane gari mai ganuwa a ƙarni na 19, kuma har yau yana cikin abin da maƙwabta suke tunawa.

Bayan haka akwai shekarun da ya kamata su fito a babin naka, domin kowace ɗaya ta sauya wa Wase uwar ɗaki. A 1898 sojojin kamfanin Turawa na Royal Niger Company suka shiga garin. A 1902 Bauchi kanta ta faɗa hannun Turawa, kuma a tsarin da suka yi daga baya ba su bar Wase a ƙarƙashin Bauchi ba, sai suka sa ta a Lardin Muri. A 1926, da aka rushe Lardin Muri aka ƙirƙiro Lardin Filato, sai aka mayar da Wase cikinsa tare da Shendam. A 1967 ta shiga Jihar Binuwai da Filato, a 1976 kuma ta zama cikin Jihar Filato. Kada ka ɗauki waɗannan shekaru a matsayin abin haddacewa kawai, domin suna da amfani a aikace. Takardun da suka shafi Wase kafin 1926 a cikin fayilolin Lardin Muri za ka neme su, na bayan nan kuma a cikin na Lardin Filato, kuma masu bincike da yawa sun ɓata lokaci suna neman na farkon a inda ba su. Babbar ma'ajiyar irin waɗannan takardu ita ce ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, sai kuma Gidan Arewa a can Kadunan. A Jos ma kada ka raina ɗakin karatun jami'a da na gidan tarihi, wanda aka buɗe tun 1952. Ka nemi kundin bayanin Lardin Filato da C. G. Ames ya tattara aka buga a 1934, amma ka karanta shi da sanin cewa jami'in mulkin mallaka ne ya rubuta abin da aka faɗa masa ta bakin tafinta, kuma mafi yawan masu faɗa masa suna da abin da suke karewa.

Game da tarihin baka, ka je fada ka nemi jerin sarakuna daga bakin waɗanda suka gaje shi, ka saurari maroƙa da makaɗan fada, domin kirari yakan riƙe sunayen yaƙe-yaƙe da garuruwa da mutane suka manta. Zamanin Sarki Abdullahi Maikano mai tsawo ne, ya ratsa daga mulkin Turawa har zuwa farkon wannan ƙarni, kuma akwai dattawa da yawa da suka yi zamani da shi suna raye, don haka a hanzarta zama da su a naɗi muryarsu.

Mai aikin ƙididdiga, Bukuru, ya amsa:

Baba malam ya gama da tarihi, bari in ɗan taɓa lissafi. Yaya, zarginka daidai ne. Adadin nan na kimanin 160,000 na ƙaramar hukumar Wase ne gaba ɗayanta, wato har da gundumomin Bashar da Lamba da Kadarko da duk ƙauyuka da rugagen da ke cikinsu. Ruɗanin yana zuwa ne saboda sunan gari da sunan ƙaramar hukuma ɗaya ne, sai masu kwafa a intanet su ɗauki na ƙaramar hukuma su liƙa wa gari, wani ya kwafa daga wani har abin ya zama kamar tabbatacce. Haka ake yi wa Shendam da Mangu da Pankshin da sauran garuruwan da ƙananan hukumominsu suka ci sunansu.

Tushen matsalar shi ne, sakamakon ƙidayar 2006 da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar ya tsaya ne a matakin ƙasa da jihohi da ƙananan hukumomi 774. An bayyana cewa Nijeriya tana da mutum 140,431,790, Jihar Filato mai ƙananan hukumomi 17 tana da ɗan abin da ya haura miliyan 3, amma ba a fitar da adadin gari-gari da ƙauye-ƙauye ba. Ƙidayar da ta ba da adadin kowane gari ita ce ta 1991, wadda ta ce ƙasar tana da mutum kusan miliyan 89. Don haka idan kana son adadin hukuma na cikin garin Wase, ka je ofishin hukumar na jiha a nan Jos ka nemi jadawalin garuruwa na 1991, ka rubuta shi da shekararsa a fili. Tsohon adadi ne, amma yana da uwa yana da uba. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, sai dai kafin ɗagewar hukumar ta yi aikin shata yankunan ƙidaya da taswirar zamani, kuma babu laifi ka tambaya ko za a nuna maka yawan yankunan da suka faɗa cikin garin.

Akwai abin da nake so ka fahimta game da ƙidayoyin baya kafin ka jera su kamar matakalar bene. Ta 1952 zuwa 1953 ta ba ƙasar wajen miliyan 30, kuma an yi ta a lokacin da talaka ke ganin duk mai rubuta sunansa haraji yake nema, don haka mutane sun ɓoye kansu da 'ya'yansu. An yi wata a 1962 aka soke ta, aka sake a 1963 aka samu miliyan 55.6, a lokacin kuwa an gane cewa yawan kai shi ne yawan kujeru a majalisa da yawan kaso, sai abin ya juya daga ɓoyewa ya koma ƙari. Ta 1973 ma an soke ta. Wanda ya ɗauki adadin 1952 ya gwada da na 1963 ya ce garinsu ya bunƙasa da kaza cikin shekara goma, ba bunƙasar gari ya auna ba, sauyin dalilin mutane ya auna. Haka nan rahotannin kimanta haraji na zamanin Turawa da Baba malam zai tura ka gare su a Kaduna: suna da daraja ƙwarai domin sukan lissafa gidaje da maza baligai da shanu unguwa-unguwa, amma kowane adadi a ciki ka ɗauke shi a matsayin mafi ƙaranci, musamman na shanu, saboda jangali.

Lokacin da aka yi ƙidaya ma yana da tasiri a gari irin Wase. Ta 1991 an yi ta ne a ƙarshen Nuwamba, lokacin kaka, manoma suna gida. Ta 2006 kuwa an yi ta a watan Maris, tsakiyar rani, lokacin da 'yan ci-rani suka fita kuma makiyaya suka gangara neman ruwa. Ƙa'idar ita ce a ƙirga mutum a inda aka same shi, amma kowa ya san yadda mazauna birni suke komawa garuruwansu a makon ƙidaya domin a lissafa su a gida. Waɗannan abubuwa biyu suna jan adadin ta fuskoki mabambanta. Sannan ka sani cewa ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba, don haka duk wanda ya ce maka ƙabila kaza ita ce kashi kaza cikin 100 na jama'ar Wase bisa ƙidaya, ka tambaye shi wace ƙidaya.

Idan dole sai an ba da adadin yau, lissafin mai sauƙi ne. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a kowace shekara tana ninkuwa cikin kimanin shekara 24, wato idan an ɗauki wannan ma'auni, ƙaramar hukumar da ke da 160,000 a 2006 za ta doshi 320,000 wajen 2030. Amma ka rubuta a fili cewa hasashe ne, ka nuna ma'aunin da ka yi amfani da shi, domin mai karatu ya iya sake lissafin da kansa.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar lafiya, Gangare, ta amsa:

Sallama ga kowa. Na ji daɗin bayanin malaman nan biyu, amma ina so in ƙara abin da ba a cika samu a ofisoshin Jos ko Kaduna ba. Ƙanena, mutanen da suka fi kowa sanin yawan gidajen gari su ne ma'aikatan rigakafi da masu unguwanni. A shekarun da aka yi ana yaƙi da shan-inna, kowace tawaga tana da taswirar unguwarta da aka zana da hannu, ana bin gida-gida ana sa alli a bango, ana rubuta yawan yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ana maimaita wannan sau da yawa a shekara. Haka ma lokacin rabon gidan sauro, sai an yi rajistar magidanta kafin a ba da kati. Waɗannan takardu sukan kasance a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. A aikinmu mukan ɗauki yara 'yan ƙasa da shekara 5 a matsayin kashi 20 cikin 100 na jama'a, don haka idan ka samu amintaccen adadin yaran unguwannin cikin gari, ka ninka shi sau biyar za ka samu ƙiyasin da ya fi na majalisar hira nesa ba kusa ba. Ban ce ba shi da aibi ba, domin akwai tawagogin da ke ƙara lamba saboda a ƙara musu kaya, amma idan ka gwada shi da rajistar masu zaɓe ta mazaɓun cikin gari da kuma yawan ɗaliban firamare, ka ga ukun suna nuni wuri guda, to ka kusa da gaskiya.

Kafin duk wannan, sai kun zauna kun amince da inda gari ya tsaya. Cikin tsohuwar ganuwa kaɗai kuke nufi, ko har da sababbin unguwannin da suka fita bayanta, ko har da ƙauyukan da gonakinsu suka haɗe da na gari? Idan ba a ja wannan layi ba, mutum biyu masu gaskiya za su ƙirga su samu adadi biyu. A ma'aunin hukuma, wurin da ya kai mutum 20,000 shi ake kira birni, don haka inda kuka ja layin zai iya sauya ma sunan da za a kira garin da shi.

Abu na ƙarshe, wanda nake faɗa da nauyin zuciya. Ba za a yi maganar jama'ar Wase a wannan ƙarni a tsallake rikicin da ya auku a kudancin Filato daga 2002 zuwa 2004 ba, wanda ya kai har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a jihar a watan Mayun 2004. An rasa rayuka ta kowane ɓangare, an ƙone ƙauyuka, wasu sun gudo cikin gari, wasu sun fita daga cikinsa, wasu sun tsallaka Bauchi da Taraba, kuma ba duka ne suka koma inda suka baro ba. Ƙidayar 2006 ta zo ne shekara biyu kacal bayan haka, jama'a ba su gama daidaita zama ba. Mu da muka yi jinyar waɗanda abin ya shafa mun ga cewa ciwon bai zaɓi ƙabila ko addini ba. Ku rubuta shi da adalci yadda ɗan Langtang zai karanta bai ji an zalunce shi ba, ɗan Wase ma ya karanta bai ji an ɓoye asararsa ba.

Ɗan Bashar, Titin Bauchi, ya amsa:

Ina yi wa Baba malam godiya da ya ambaci Basharawa, amma da izininsa ina ganin ambato a sakin layi ɗaya kafin a wuce zuwa Madaki Hassan bai wadatar ba. Bashar tana da sarautarta ta Rekna, kuma tana da harshenta, wanda masu shi ke kira Yangkam. Yau kusan kowa a ƙasar Bashar Hausa yake yi, harshen ya rage a bakin tsofaffi ƙalilan a wasu ƙauyuka. Wannan yana da alaƙa kai-tsaye da tambayar yawan jama'a, domin baƙon da ya zo ya ji kowa yana Hausa zai rubuta cewa mutanen wurin Hausawa ne da suka yi ƙaura suka zo, alhali da yawansu jikokin waɗanda aka tarar ne, harshe ne kawai ya sauya ta hanyar Musulunci da kasuwa da auratayya. Idan littafinku bai bayyana wannan ba, yaran da kuke rubuta wa za su tashi da tunanin cewa duk mai Hausa a Wase baƙo ne, kuma mun ga irin fitinar da maganar ɗan ƙasa da baƙo ta haifar a jihar nan.

Haka kuma akwai Tarok da Jukunawa da Burmawa a ƙasar Wase, kowa da ƙauyukansa da gonakinsa da labarin zuwansa ko zamansa. Tun zamanin Turawa, da hare-hare suka tsaya, mutanen kan duwatsu suka riƙa gangarowa fili neman ƙasar noma, har gwamnati ta buɗe shirin sake tsugunar da manoma a yankin Shendam a 1948. Wannan gangarowa tana cikin manyan abubuwan da suka ƙara yawan jama'ar filayen kudancin Filato. Sai kuma ma'adinai: dalma da tutiya na Zurak an daɗe da saninsu, kuma a 'yan shekarun nan sun jawo leburori da 'yan kasuwa daga jihohi da dama, waɗanda babu su a kowace ƙidaya. Wanda ke son ya san abin da ke ƙara wa ƙasar Wase mutane a yau, ya je ya tsaya a tasha ranar kasuwa ya ga inda motoci ke nufa da abin da suke ɗauka.

Ɗan Wase mazaunin Jos ya sake rubutawa:

Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba malam da Hajiya da 'yan'uwana biyu. Zan gabatar wa kwamitinmu cewa a raba adadin ƙaramar hukuma da na gari, kowanne da shekararsa da inda aka samo shi. Amma maganar ɗan'uwana na Bashar ta buɗe wata tambaya. Littafin namu na garin Wase ne, shafukansa kaɗan ne, kuɗin bugawa kuma karo-karo ne. Idan muka shiga tarihin Bashar da Kadarko da Lamba da Zurak, ina tsoron kada mu ɗauki abin da ba za mu iya saukewa ba, mu kuma faɗi abin da masu shi za su ce ba haka yake ba. Baba, a ina ya dace mu tsaya?

Tsohon malamin tarihi, Unguwar Rogo, ya sake amsawa:

Ɗana, tsoronka yana kan hanya, kuma ɗan'uwanka na Bashar ma yana da gaskiya, na karɓi ƙarin da ya yi. Ku tsaya a kan garin Wase, amma ku shigo da maƙwabta a duk inda labarin garin ba zai fahimtu ba sai da su, wato a mafarinsa, da zamanin yaƙe-yaƙe, da kasuwa, da rikicin 2002 zuwa 2004. A waɗannan wurare kada ku rubuta da bakinku kaɗai. Ku aika mutum biyu su je Bashar su gaishe da fada su nemi a haɗa su da dattawan da suka san tarihi, a yi haka a Kadarko da Lamba, sannan a rubuta cewa mutanen wuri kaza ga abin da suke faɗa. Inda ruwayoyi suka saɓa, ku kawo su duka biyu ku bar su a haka, ba aikinku ba ne ku yanke hukunci a kan abin da ya faru shekara 200 da suka wuce da shafi biyu.

A kan kuɗi kuwa, tafiya daga Wase zuwa waɗannan garuruwa ba ta kai tsadar zuwa Kaduna ba, kuma wayar hannu ta isa naɗar murya. Ku fara da tsofaffin, domin takardun Kaduna za su jira ku, su kuwa ba lalle ba ne. Ku yi tafiyar da rani kafin ruwa ya sauka hanyoyin ƙauyuka su lalace, ku kuma nemi izinin kowane dattijo kafin ku sa sunansa a littafi. Idan kun tattara, ku kawo mini daftarin babin in duba muku shekarun kafin ku kai wa mai ɗab'i.